Daga ina tudun ya fito? Jagorar gano asalin saƙon laka a gwajin SSEP

Ka ɗora abin tsikari a wuyan hannun mutum, ka saki lantarki kaɗan, babban yatsansa ya fara ɗan motsi. Bayan milisakan 13, ilektirod ɗin da ka manna masa a bayan wuya ya zana wani ƙaramin tudu a fuskar kwamfuta. Wannan shi ne gwajin SSEP, wato tsikarar jijiya da lantarki a bi sawun saƙon daga gaɓa zuwa lakar ƙashin baya har ƙwaƙwalwa. Kowa a ɗakin zai ce maka tudun nan N13 ne. To amma sunan bai faɗa maka komai ba sai abu biyu: N na nufin tudun nagatif ne, 13 kuma lokacin da ya saba bayyana. Wane ɓangare na jiki ne ya haife shi? Saiwar jijiya ce, ko hanyar da ke hawa ta bayan laka, ko ƙwayoyin da ke cikin lakar, ko kuwa gindin ƙwaƙwalwa ne ake jiyo muryarsa daga nesa? Amsar wannan tambaya ita ce ke sa likita ya ce ciwo yana nan ko yana can, don haka ban ga dalilin da zai sa mai gwaji ya bar ta ga hasashe ba. Na rubuta wannan jagora ne domin ma'aikatan gwajin jijiya da ɗaliban likitanci, kuma na fi ba da ƙarfi a kan hannu, domin a nan ruɗanin ya fi yawa.

Mataki na farko: san hanyar kafin ka saurari matafiyi

Lantarkin da ake amfani da shi a wannan gwaji manyan zaruruwan jijiya yake fara tayarwa, masu kauri da rufin mayelin, waɗanda ke ɗauke da labarin taɓi, girgiza da sanin inda gaɓa take. Gudunsu yakan kai mita 50 zuwa 70 a sakan. Ƙananan zaruruwa masu kai labarin zafi da ciwo ba su da hannu sosai a abin da za ka gani.

Daga wuyan hannu saƙon yana bin jijiyar midiyan ya haura, ya ratsa saƙar jijiyoyi ta gindin wuya, ya wuce ƙullin saiwar baya inda uwar ƙwayar take zaune, ya shiga laka. A bakin shiga nan ne hanya ta rabu biyu, kuma duk jagorar nan a kan wannan rabuwa ta tsaya. Reshe ɗaya ba ya tsayawa, yana hawa kai tsaye ta ginshiƙin baya, wato farar hanyar da ke bayan laka, har ya isa cibiyar kiyunet a gindin ƙwaƙwalwa. A can ne yake miƙa saƙo a karon farko, saƙon ya tsallaka ɗaya gefen, ya bi hanyar lamniskus zuwa talamus, daga nan zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa. Ɗaya reshen kuwa yana lanƙwasawa ya shiga ƙahon baya, ɓangaren nan mai launin toka da ke cikin laka, ya miƙa saƙo ga ƙwayoyin wurin. Wannan reshe na biyu gefen hanya ne. Zai iya mutuwa saƙo ya ci gaba da isa ƙwaƙwalwa lafiya, zai kuma iya rayuwa alhali hanyar sama ta yanke.

Mataki na biyu: shirya mutum da na'ura

Tsokar wuya ita ce babbar mai hana ruwa gudu. Tudun laka da ake ɗauka daga fata maikurobolt 1 zuwa 3 ne ko ƙasa da haka, ƙarar tsokar da ta ɗaure kuwa tana ninka wannan sau da yawa. Kwantar da mutum rigingine, ka sa masa matashi yadda kansa zai sake. Ka gaya masa abin da zai ji tun kafin ka fara: "Malam, za ku ji ɗan bugu a hannu, yatsa zai riƙa motsi da kansa. Ku saki kafaɗa, ku saki muƙamuƙi, in barci ya zo ku yi abinku." Ka tambaye shi ko an dasa masa na'urar bugun zuciya ko makamanciyarta, in akwai ka tuntuɓi likitansa tukuna.

Taɓa hannunsa. Idan ya yi sanyi a ɗumama shi, domin gudun jijiya yana raguwa da kimanin mita 2 a sakan a duk digiri ɗaya da zafin gaɓa ya sauka, sai ka ga jinkirin da babu cuta a bayansa. Rubuta tsawon mutum ko tsawon hannunsa. Lissafin mai sauƙi ne: santimita 55 daga wuyan hannu zuwa gindin wuya, a gudun mita 60 a sakan, ya ba ka milisakan 9 da 'yan kai. Dogon mutum tudunsa zai makara, kuma lafiyarsa ƙalau.

Goge fata har turjiyar kowane ilektirod ta sauka ƙasa da kilo-om 5. Abin tsikari yana da baki biyu, tazararsu santimita 2 zuwa 3. Bakin nagatif shi ne zai kalli jiki, na fozitif ya kalli yatsu. Tsawon kowane bugu milisakan 0.2, ƙarfinsa kuma daidai yadda babban yatsa zai yi motsin da ido ke gani. Wayar ƙasa ta zauna a dantse, tsakanin wurin tsikari da wurin sauraro. Buɗe matatar da ke tace hayaniya a na'urar daga hez 30 zuwa 3,000, taga kuma, wato tsawon lokacin da ake ɗauka bayan kowane bugu, milisakan 40 zuwa 50 a hannu.

Yawan bugu a sakan yana da ɗan sirri. Kada ka zaɓi 5 cif, domin 5 tana raba 50 da 60 ba saura, wato zagayen wutar layi, sai ƙugin wutar ya riƙa faɗowa wuri ɗaya a kowane bugu, ya taru ya yi kama da tudu. Zaɓi irin 4.7 ko 3.1.

Sauran aikin na tarawa ne. Kwamfuta tana ɗaukar ɗaruruwan bugu ta fitar da matsakaicinsu. Abin da ke zuwa a lokaci ɗaya kullum ya tsaya, hayaniya ta shafe junanta. Ribar ba ta tafiya daidai da yawan bugun: bugu 100 na rage hayaniya ninki 10, 400 ninki 20, sai ka kai 1,600 kafin ka samu ninki 40. Shi ya sa minti biyu na lallashin mutum ya saki wuya ya fi ƙarin bugu dubu amfani. Tara 500 zuwa 2,000, ka maimaita aƙalla sau biyu, ka ɗora zanen biyu a kan juna. Tudun da bai dawo a karo na biyu ba, kada ka ba shi suna. George Dawson, wanda ya fara ɗaukar irin wannan amsa daga kan mutum a Landan a 1947, ɗora hotuna a kan juna ya yi kafin ya ƙera na'urar tarawa da ya bayyana a 1954.

Mataki na uku: zaɓi abokin awo, nan ne ake faɗuwa

Kowane layi da ka gani a allo ragi ne: abin da ilektirod mai sauraro ya ji, an cire abin da abokin awonsa ya ji. Abokin awo ba kurma ba ne. Idan ya ji wani abu, abin zai shigo cikin zanenka a juye.

An daɗe ana sa mai sauraro a bayan wuya, abokin awo a saman goshi, wurin da ake kira Fz, domin zanen yana fitowa tsaf ba hayaniya. Matsalar ita ce fatar kai gaba ɗaya tana jiyo wani tudu fozitif daga nesa a wajen milisakan 14, P14, wanda asalinsa farkon hanyar lamniskus ne a gindin ƙwaƙwalwa. Ka cire fozitif daga zane, ya koma nagatif. Sai ya zo ya zauna kusan a kan N13, su haɗe su zama tudu ɗaya mai kyan gani. Kama da wane ba ta wane. Na taɓa riƙe zanen wani mai ramin ruwa a cikin lakar wuya, an ɗauke shi da goshi, an rubuta cewa tudun wuya lafiya lau. Da aka mayar da abokin awo gaban wuya, layin ya kwanta shimfiɗe a daidai wurin da N13 ya kamata ya tashi. Abin da aka gani da farko gindin ƙwaƙwalwa ne, ƙahon baya kuwa ya riga ya yi shiru.

Ga shimfiɗar da nake ba da shawara a hannu. Layi na farko a gurbin Erb, santimita 2 zuwa 3 sama da tsakiyar ƙashin da ya ratsa daga gindin wuya zuwa kafaɗa, a gefen da ake tsikara, abokin awonsa gurbin Erb na ɗaya gefen, domin N9, saƙon da ke ratsa saƙar jijiyoyi ta gindin wuya. Sunan na likitan jijiya ne Bajamushe, Wilhelm Erb. Layi na biyu a kan ƙashin wuya na 6, wato C6, abokin awo a gaban wuya, sama kaɗan da zakaran wuya. Don samun na 6, sa mutum ya sunkuyar da kai, ka laluba ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya, yawanci shi ne na 7, ka hau ɗaya. Layi na uku daga fatar kai zuwa wani wuri da ba kai ba, kamar kafaɗar ɗaya gefen, domin ganin P14 da N18, tudun da ke biye da shi daga gindin ƙwaƙwalwa, su kaɗai. Layi na huɗu a gefen kai da ke kishiyar hannun, santimita 2 bayan C3 ko C4 (sunayen wurare ne a fatar kai kamar Fz, ba ƙashin wuya ba), domin N20, tudun ɓawon ƙwaƙwalwa.

Mataki na huɗu: yi wa kowane tudu tambaya uku

Tambaya ta farko: matafiyi ne ko mazauni? Jera ilektirod uku ko huɗu a bayan wuya daga ƙashi na 7 zuwa na 2. Idan tudun saƙo ne da ke gudu a cikin zaruruwa, zai iso na ƙasa da wuri, na sama a makare kaɗan. Idan kuwa ƙwayoyi ne zaune wuri ɗaya suke aiki, lokacinsa ba zai motsa ba, tsayinsa ne kawai zai ragu yayin da kake nisa da su. Da wannan gwaji za ka ga N11 yana tafiya. Shi ne saƙon a lokacin da yake shiga laka ta saiwar baya ya fara hawa ginshiƙi, bai taɓa wata mahaɗa ba tukuna, wato wurin da zare ke miƙa saƙo ga wata ƙwaya. Ƙarami ne, sau da yawa kamar ɗan kafaɗa a jikin N13, kuma rashinsa a lafiyayyen mutum ba abin tashin hankali ba ne. N13 kuwa yana nan daram, ya fi tsayi a ƙasan wuya, daidai inda saiwoyin midiyan ke shiga.

Tambaya ta biyu: yana juyewa idan aka saurare shi ta gaba? Wannan ita ce hujjar da ta fi burge ni. Lokacin da reshen gefen hanya ya miƙa saƙo a ƙahon baya, lantarki yana kwarara cikin ƙwayoyin ta ɓangaren baya, ya fito ta ɓangarensu da ke fuskantar gaba. Sai lakar ta zama kamar ƙaramin batir da aka kwantar daga ƙeya zuwa maƙogwaro: bayansa nagatif, gabansa fozitif. John Desmedt da Guy Cheron a Beljiyam sun nuna haka a 1981 da ilektirod da aka zura ta hanyar abinci, wadda ke kwance dab da gaban ƙashin baya, suka ga P13 a daidai lokacin da bayan wuya ke nuna N13. Kai ba sai ka zura komai ba. Ɗauki bayan wuya da gaban wuya kowanne daban, da abokin awo a kafaɗa, za ka ga ɗaya ya hau ɗaya ya sauka a lokaci guda. Wannan ne dalilin haɗa su a layi ɗaya: nagatif ka cire masa fozitif, tudun ya ƙara tsayi, abin da ke zuwa daga nesa kuma, tunda duka biyun sun ji shi kusan iri ɗaya, ya ragu ƙwarai.

Tambaya ta uku: yana gajiya? Zare yana iya ɗaukar bugu masu yawa a jere ba tare da ya nuna gajiya ba, mahaɗa kuwa tana buƙatar numfashi. Ɗaga yawan bugu zuwa 20 ko 30 a sakan na ɗan lokaci. N9 da N11 za su tsaya kusan yadda suke, tudun da aka haifa bayan mahaɗa zai fi su durƙushewa, na ɓawon ƙwaƙwalwa kuma, da ya tsallake mahaɗa uku, shi ne zai fi canzawa. Ba gwajin kullum ba ne, don ba shi da daɗi ga wanda ake yi wa, amma yana raba gardama.

Duk wannan fahimta ba daga fata ta fara ba. Gasser da Graham a 1933 sun ɗora ilektirod a bayan lakar kyanwa suka tsikari saiwa, suka ga ɗan tsini mai sauri, sai tudu nagatif mai faɗi, sai doguwar igiya fozitif mai saiɓi. Magladery da abokan aikinsa a 1951 sun ɗauki makamancin haka a mutum da allurar da ta shiga cikin ruwan laka, Shimoji a Japan ya yi a 1971 daga sararin da ke wajen rufin laka, Roger Cracco kuma a 1973 ya nuna ana iya ɗauka daga fatar baya. Tsinin shi ne saƙon da ke shigowa, nagatif ɗin aikin ƙwayoyin ƙahon baya ne, fozitif mai saiɓin kuma ana danganta shi da yadda laka ke juyowa ta rage ƙarfin bakin zaruruwan da suka kawo saƙon. N11 da N13 ɗinka su ne na farko da na biyu, ana jiyo su ta bayan tsoka da ƙashi. Na ukun matatar hez 30 tana cinye mafi yawansa.

Mataki na biyar: ƙafa

Dokar ɗaya ce, wurare ne suka canza. Tsikari jijiyar tibiyal a bayan idon sawu na ciki har yatsun ƙafa su ɗan lanƙwashe, ka faɗaɗa taga zuwa milisakan 60 ko 100. A lungun bayan gwiwa za ka samu N8. Abin da za ka riƙe shi ne laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba. A babban mutum tana ƙarewa wajen ƙashin gadon baya na 1 zuwa na 2, wato L1 zuwa L2, ƙasa da nan saiwoyi ne kawai, waɗanda ake kira wutsiyar doki. Ja layi tsakanin saman ƙasusuwan ƙugu biyu, ya ba ka L4, ka ƙirga sama zuwa L1 da T12, ƙashin da ke samansa. Ilektirod na L4 matafiyi zai ji, saƙon da ke gudu a saiwoyi, 'yan milisakan kafin babban tudun. Na T12 shi zai ji N22, mazauni, ɗan'uwan N13, haifaffen ƙahon baya na kumburin ƙasan laka, wanda shi ma yake juyewa ya zama fozitif idan aka saurare shi ta gaban ciki. Abokin awo ƙashin ƙugu na ɗaya gefen ko cibiya. Daga sama sai P31 na gindin ƙwaƙwalwa da P37 na ɓawo a tsakiyar kai. A mai ƙiba ko wanda ya kasa sakin baya, N22 na iya ƙin fitowa ba tare da wata cuta ba, don haka kada ka rubuta an rasa shi sai layin ya yi tsit sosai.

Mataki na shida: karanta jerin, ka nuna wurin

Fara daga nesa ka matso. Idan N9 bai fito ba, ko ya makara tare da duk na bayansa alhali tazarar da ke tsakaninsu daidai take, matsalar a jijiyar hannu ce ko sanyi ko tsikari mara kyau, kuma ba ka da ikon cewa komai a kan laka tukuna.

Idan N9 yana nan amma N13 da duk na samansa sun ɓace, duba tsakanin saƙa da laka. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne hatsarin da ya tumɓuke saiwoyi daga jikin laka: hannu ba ya ji, amma N9 na nan da kyau, domin ƙullin saiwa yana waje, zaruruwan hannu ba su rabu da uwarsu ba, ba su lalace ba. Ga likitan tiyata wannan babban labari ne, domin tumɓukakkiyar saiwa ba a gyara ta yadda ake gyara jijiyar da ta tsinke a ƙasa da ƙullin.

Idan N13 kaɗai ya ɓace, P14 da N20 suna zuwa a kan lokaci, gefen hanya ne ya lalace, wato tokar tsakiyar laka, ginshiƙin baya kuma lafiya. Haka ake gani a ramin ruwa na cikin laka, da ƙarin da ya tsiro a cikinta, da wasu masu matsewar laka saboda tsufan ƙashin wuya. Idan kuma N13 yana nan amma P14 da N20 sun makara ko sun ɓace, saƙo ya shiga laka, hanyar sama ce ta samu cikas. Auna tazarar N13 zuwa N20, wadda a lafiyayyen babba take wajen milisakan 6, ka gwada da ma'aunin ɗakin gwajinku da kuma ɗaya hannun. Wannan tsari ne ke sa N9 da N13 su zama shaidu a ɗakin kulawa ta musamman: kafin a ce N20 ya ɓace a gefe biyu bayan tsayawar zuciya, dole a nuna cewa saƙon ya isa wuya.

A ɗakin tiyatar ƙashin baya, maganin barci da ake shaƙa ya fi danne tudun ɓawon ƙwaƙwalwa, na laka da na gindin ƙwaƙwalwa sun fi jurewa. Idan na sama ya sauka a gefe biyu na ƙasa suna tsaye, fara da duba magani, zafin jiki da awon jini. Ƙa'idar gargaɗi da aka saba bi ita ce raguwar tsayi da kashi 50 cikin 100 ko ƙarin jinkiri da kashi 10. Sai dai ka tuna hanyar da kake sauraro ta bayan laka take, hanyar motsi kuwa da ƙwayoyinta suna samun jini ne daga babbar hanyar jini ta gaban laka. Wannan za ta iya toshewa mutum ya farka ƙafafu ba sa motsi alhali SSEP bai nuna komai ba, shi ya sa ake haɗa shi da gwajin hanyar motsi a irin wannan aiki.

A rahotonka, kusa da kowane tudu, rubuta inda mai sauraro ya zauna da inda abokin awo ya zauna, da yawan bugu a sakan, da zafin gaɓa. Likitan da ya ga "N13, C6 zuwa gaban wuya" ya san ƙahon baya ake nufi. Wanda ya ga "N13" kawai sai ya kira ka ya tambaya.